Shirun Gwaggo Ba Kyauta Ba Ne



Godiya ta tabbata ga Allah, Mamallakin ƙasa da abin da ke bisanta, wanda zai gaje ta bayan dukkan masu jayayya a kanta sun koma cikinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, na daɗe ina ɗage wannan rubutu daga yau zuwa gobe, domin babu daɗi mutum ya zauna ya kafa hujja a kan kansa. Akwai wata kalma ta malaman fiƙihu da ta fito daga zaurukan karatu ta shiga kasuwa da majalisar masu shayi, ita ce hauzi, wato daɗewar abu a hannun mutum yana sarrafa shi kamar nasa ba tare da wani ya yi masa jayayya ba. Sai ka ga mutumin da bai iya kawo farillan alwala a jere ba, amma da zarar an taɓo maganar gonar gado ya zabura ya ce, "Ai shekara goma ta wuce, hauzi ya hau." Ni ma na faɗi wannan magana, da ƙarfi kuwa, a zauren gidanmu, a gaban mutumin da bai cancanci in ɗaga masa murya ba. Abin da ya biyo baya shi ne dalilin wannan tsokaci.

Kakana na wajen uba ya rasu a shekarar farin nan na 1973 wanda tsofaffin ƙasar Kano ba su manta da shi ba. Kakata ta riga shi. Ya bar 'ya'ya uku: mahaifina shi ne babba, sai baffana, sai gwaggona wadda aka riga aka aurar wani ƙauye. Abin da ya bari na kirki gandu ne guda a gabas da gari. Bayan wasu 'yan damuna mahaifina da baffa suka raba gandun tsakaninsu, suka ja iyaka daga gindin wata aduwa zuwa wani babban suri, suka dasa gamba a kan layin. Babu wanda ya ambaci gwaggo, ita ma ba ta ambaci kanta ba. Sai dai duk kaka mahaifina yakan ɗora damin gero biyu da ƙwaryar wake a kan jaki, ya ce in kai mata. Na yi wannan aike tun ina jan jakin da ƙafa har na koma kai shi a kan babur. Ban taɓa tambayar dalilinsa ba. Na ɗauka zumunci ne kawai.

Mahaifina ya rasu, Allah Ya jiƙansa, gonar ta dawo hannuna da ƙannena. Can kuma sai gari ya taso ya iso mu. Aka shimfiɗa kwalta, dillalai suka fara zagaye da igiyar awo suna yanka gonaki fuloti-fuloti, gonar da a da ake lissafinta da dami aka koma lissafinta da miliyan. Ana nan sai ɗan gwaggo ya yi mini sallama wata ranar Juma'a. Taubashina ne, mutumin da muka saba tsokanar juna da kuɗin shara tun muna yara. Ya zauna yana ta kewaye-kewaye, daga bisani ya ce ya zo ne a kan rabon mahaifiyarsa a gandun kakanmu. Nan take jinina ya tafasa. Na ce masa ina kuke shekara hamsin? Sai da kwalta ta zo kuka tuna kuna da kaka? Na rufe da maganar hauzi, ya tashi ya tafi ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba.

Washegari na tafi wurin malamina da nufin in samo makami. Na ce, "Allah Ya gafarta Malam, ina son a nuna mini inda aka yi maganar hauzin shekara goma." Ya miƙo mini Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, ya ce in buɗe babin hukunce-hukunce da shaida. Na karanta wurin, na kuwa same shi yadda nake so: wanda ya riƙe gida shekara goma ana jingina gidan gare shi, alhali mai da'awa yana nan, ya sani, bai ce komai ba, to ba za a saurare shi daga baya ba. Zan rufe littafin sai Malam ya ce, "Ɗana, ƙarasa layin da ke biye." Layin da ke biye kuwa yana cewa ne wannan wa'adi ba ya aiki tsakanin dangi da surukai.

Ban karaya ba, domin na zo da guzurina. Na ce ai Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa wanda ya rasu a shekara ta 829 bayan hijira, ya bayyana a Tuhfatul Hukkam cewa dangi ma idan riƙon nasu na zama da noma ya haura shekara arba'in ana la'akari da shi, mu kuwa mun haura hamsin. Malam ya yi murmushi, ya yi mini tambaya uku waɗanda har gobe ba zan manta da su ba. Ya ce: ta wace hanya kuke cewa rabonta ya zama naku, saye mahaifinka ya yi ko kyauta ta ba shi? Na yi shiru. Ya ce: damin nan biyu da kake kai mata duk kaka, na mene ne? Na yi shiru. Ya ce: idan alƙali ya ɗora maka rantsuwa cewa ba ta da haƙƙi a gonar nan, za ka ɗauki Alƙur'ani? A nan ne na ji gumi yana bin bayana.

Abin da na fahimta daga wannan zama, kuma shi nake son in isar, shi ne cewa yawancin masu ambaton hauzi a yau sun ɗauke shi a matsayin hanyar mallaka, kamar ciniki ko gado ko kyauta, alhali ba haka malamanmu na Malikiyya suka ajiye shi ba. Ibn Rushd kaka, wanda ya rasu a shekara ta 520 bayan hijira, ya fayyace cewa hauzi ba ya ciro mallaka daga hannun mai ita ya mayar wa wanda ya riƙe. Alama ce kawai da ke nuna cewa akwai mallakar. Ma'ana, alƙali yana duba al'adar mutane ne ya ce: ba a saba ganin mutum mai hankali, baligi, yana zaune a gari, yana kallon wani bare yana rushewa da ginawa a filinsa shekara goma bai ce uffan ba, sai idan ya riga ya sayar ko ya bayar. Don haka shirunsa ya zama shaida a kansa. Shi ya sa aka gindaya sharuɗɗa: mai da'awar ya kasance yana nan ba ya tafiya mai nisa ba, ya san abin da ke gudana, ya san nasa ne, kuma babu abin da ya hana shi magana kamar ƙuruciya ko tsoron mai ƙarfi. Shi kuma mai riƙon dole ne ya yi da'awar cewa abin nasa ne, ba wai ya tsaya a kan "ya daɗe a hannuna" kawai ba. Sannan babban sharaɗin da mutanenmu suka fi tsallakewa: idan an san ƙofar da mutum ya shiga gonar, aro ne ko haya ko jingina ko amana, to ko zai shekara ɗari a ciki, aro yana nan a aronsa. Zanen aro ba ya rufe katara, tsufansa a jikinka kuma ba ya mayar da shi naka.

Kada mai karatu ya ɗauka ina rage darajar hauzi ne. Wallahi rahama ce babba, wanda duk ya taɓa zama a bencin kotun yanki ya san haka. Tun da filaye suka yi tsada aka samu wata sabuwar sana'a ta tono kaburbura: jikan mutumin da ya sayar da gonarsa lokacin yunwa, ya karɓi kuɗinsa a gaban mai unguwa, sai ya jira har mai unguwan da shaidun ciniki su mutu, sannan ya bayyana da dattawa biyu na haya ya ce aro kakansa ya bayar. Ba don ƙa'idar hauzi ba da babu wanda zai kwana da kwanciyar hankali a gidan da ya gada, tunda shaidu mutuwa suke yi, takardu kuma gara take ci. Shari'a ma tun asali tana girmama hannun da abu yake ciki. Imamu Muslim ya ruwaito daga Wa'ilu ɗan Hujru labarin mutum biyu da suka zo wa Manzon Allah (SAW), ɗaya Bahadrame ɗaya Bakinde. Bahadramen ya ce wannan ya ƙwace masa ƙasar mahaifinsa. Bakinden ya ce ƙasarsa ce, tana hannunsa, shi yake noma ta. Annabi (SAW) ya nemi shaida daga mai ƙara, ya ce ba shi da ita, sai aka ce masa to rantsuwar abokin shari'arsa kawai ta rage masa. Ya koka cewa mutumin fajiri ne da bai damu da abin da zai rantse a kai ba, aka ce masa duk da haka ba shi da wani abu sai wannan. Ka ga an bar ƙasa a hannun mai noma ta. Amma ruwayar ba ta tsaya nan ba. Da mutumin ya juya zai yi rantsuwar, Annabi (SAW) ya sanar da cewa idan ya rantse don ya ci dukiyar da zalunci zai haɗu da Allah yana mai kau da kai daga gare shi. Masu son hauzi sun haddace rabin farko na irin wannan hadisi, rabin ƙarshen ne ba sa son a karanta.

Haka nan hadisin Uwar Muminai Ummu Salama (RA) da ke cikin Bukhari da Muslim, inda Annabi (SAW) ya gargaɗi masu kawo masa ƙara cewa wani yakan fi wani iya tsara hujja, shi kuma yana hukunci ne da abin da ya ji, don haka wanda aka yanka wa haƙƙin ɗan'uwansa to yankin wuta aka yanka masa. Idan hukuncin fiyayyen halitta bai halatta wa mai ƙarya abin da ba nasa ba, ina ga hukuncin alƙalin da ya gaji, fayil ɗari na jiransa? Aya ta 188 a Suratul Baƙara ma ta haɗa abubuwan biyu a wuri guda, cin dukiyar juna da ɓarna da kuma kai maganar gaban mahukunta don a ci wani ɓangare nata alhali an sani. Hauzi yana iya rufe ƙofar kotu. Ƙofar hisabi ba ya da mabuɗinta.

Yanzu bari in dawo kan shirun gwaggo, domin a nan ne nake ganin mun fi zaluntar kanmu. Me ya sa malamai suka tsawaita wa'adi tsakanin dangi? Saboda sun san ɗan'uwa yana yi wa ɗan'uwansa kawaici a kan abin da ba zai yi wa bare ba. Har Ibn Asim ya ware dangin da aka san akwai husuma tsakaninsu ya ce su hukuncinsu na bare ne, tunda babu sauran kara da za ta hana su magana. Wannan ya nuna maka cewa illar hukuncin ita ce kawaici, ba ƙidayar shekaru ba. To idan malaman Ƙairawan da Andalus sun lura da kawaicin mutanensu, me za su ce da sun ga kunyar Bahaushiya? Matar da ba ta iya faɗin sunan ɗanta na fari, ita ce za ta tsaya gaban yayanta, wanda ya zame mata uba, wanda gidansa za ta nufa idan aure ya mutu, ta ce a yanka mini gonata? Idan ta yi, kafin la'asar magana ta zaga gari cewa wance ta kai 'yan'uwanta ƙara saboda abin duniya, mijinta ne ke zuga ta. Mun gina al'adar da ke rufe mata baki, sannan mu dawo mu kafa hujja da rufewar bakin. A ganina wannan ya fi ƙwace da ƙarfi muni, domin mai ƙwace ya san ɓarawo ne shi, mu kuwa muna yi muna jin kanmu masu bin littafi.

Ba kuma kunya kaɗai ba ce. A masarautar Kano an taɓa hana mata gadon gidaje da gonaki a hukumance a shekarar 1923, zamanin Sarki Usman, kuma ba a janye wannan hani ba sai a 1954, zamanin Sarki Muhammadu Sanusi. Shekara talatin da ɗaya ke nan, tsawon tasowar tsara guda. Mutanen da suka raini iyayenmu a cikin wannan yanayi suka girma, kuma doka tana iya canzawa rana ɗaya amma abin da ya zauna a zukata yakan daɗe. Ba ina kawo wannan don in wanke mahaifina ba ne. Ina kawo shi don in gane yadda mutum mai sallar dare zai raba gandu biyu alhali magada uku ne, bai ji ya yi laifi ba. Cutar ma ta girmi wannan zamani. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa cikin bidi'o'in da ya yi inkari a rubuce-rubucensa yadda babban magada yake haɗiye dukiyar mamaci gaba ɗaya da sunan shi ne uban sauran. Alhali aya ta 7 a Suratun Nisa'i ta tabbatar wa mata rabo yankakke kamar yadda ta tabbatar wa maza, ko abin da aka bari kaɗan ne ko mai yawa, aya ta 11 kuma ta faɗi gwargwadonsa. A gidanmu lissafin bai kai a kira masanin fara'ili ba: maza biyu mace ɗaya, kashi biyar, ɗaya nata. Damin nan biyu kuwa, da na yi tunani, ba sadaka ba ce. Mahaifina ne yake sa hannu duk shekara cewa ya san tana da haƙƙi, ni kuma ne ɗan aiken da yake kai takardar ban sani ba.

Da muka amince za a fitar wa gwaggo kasonta sai wata sabuwa ta ɓullo, domin ba a fitar da ɗaya bisa biyar sai an san iyakar abin da ake rabawa, da kuma nawa kowane ɓangare zai bayar. Baffa, wanda har yanzu yana raye da sauran ƙarfinsa, ya ce kafin a taɓa nasa sai an mayar masa da abin da garmarmu ta ci. Na ce wace garma? Ga gamba nan a tsaye kowa yana gani. Ya ce gambar da yake gani ba inda suka dasa ta take ba.

Wanda bai yi noma ba zai yi mamakin yadda ciyawa take tafiya. Ga yadda abin yake. Gamba tana yaɗo ne ta kowane gefe. Mai gonar dama idan ya zo huɗa sai ya sare abin da ya yaɗo wajensa, har ya ɗan shafi tushen. Mai gonar hagu idan mai sanyin hali ne sai ya bar nasa gefen. Shekara ta zagayo a sake. Babu ranar da wani ya tashi da niyyar sata, amma bayan damuna ashirin layin ya matsa. Da aka koma huɗa da shanu, balle tarakta ta haya wadda direbanta bai san gonar kowa ba kuma sauri yake ya tafi ta gaba, abin ya ƙara sauƙi. Wani dattijo a garinmu yakan ce kunya biyu ce take cinye gonar dangi, kunyar garma da kunyar ido. Aduwar da aka kafa iyaka da ita kuwa masu gawayi sun sare ta tun tuni, surin ma ruwa ya baje shi. Alamominmu na gargajiya, kuka da ɗorawa da aduwa da dashi da bini-da-zugu da tsohuwar rijiya, duk shaidu ne masu mutuwa kamar mutane, kuma yanzu gatari ya fi saurin kashe su.

Addini bai ɗauki wannan da wasa ba. A cikin Sahihu Muslim, daga Sayyidina Aliyu (RA), an lissafa mai canza alamun iyakar ƙasa cikin mutum huɗu da aka la'anta, a jere ɗaya da mai yanka don wanin Allah da mai la'antar iyayensa. Dubi abokan tafiyarsa! Sannan ga hadisin da kowane ɗalibi ya sani, wanda Bukhari da Muslim suka fitar, cewa wanda ya zalunci gwargwadon taƙi ɗaya na ƙasa za a rataya masa shi a wuya tun daga ƙasa bakwai. Taƙi aka ce, abin da bai kai faɗin kunya guda ba. Ɗaya daga cikin maruwaitansa shi ne Sa'idu ɗan Zaidu (RA), cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, kuma ya faɗe shi ne a tsakiyar rigimar iyaka. Wata mata mai suna Arwa 'yar Uwaisu ta kai ƙararsa wurin Marwanu ɗan Hakamu a Madina cewa ya ci mata ƙasa. Ya ce yaya zai yi haka bayan abin da ya ji daga Annabi (SAW), sannan ya roƙi Allah idan ƙarya take yi Ya makantar da ita Ya kashe ta a cikin ƙasar tata. Haka kuwa aka yi, ta makance, ta faɗa rami a cikin filin ta mutu. Wasu masu tarihi sun ƙara da cewa ambaliya ta zo daga baya ta tono tsohuwar iyakar, aka ga gaskiyarsa. Ina tuna wannan ƙissa a lokacin rigimarmu, kuma, Allah Ya yafe mini, a matsayin Sa'idu nake ajiye kaina.

Dagaci ya sa rana. Aka kira wani tsoho da ya sha yin gayya a gandun tun kakana yana raye, aka riƙo hannunsa har gona. Dattawa biyu da suka zo tare da mu kowanne ya nuna wurin da yake zaton aduwar take, tsakaninsu ya kai taku goma, kuma ban ga alamar ɗayansu yana ƙarya ba. Tunani ne ya tsufa. Shi tsohon bai nuna ko'ina ba. Ya ce wa dagaci, "Ranka ya daɗe, masu gawayi sama suka sara, ba su bi saiwa ba. A kawo diga." Aka yi ta tono har rana ta take tsaka, sai ga baƙin kututturen aduwa a ƙarƙashin ƙasa. Yana cikin gonarmu, kunya uku daga layin gamba. Ma'ana kunya uku, tsawon gona guda, na baffa ne muke nomawa muna ci, muna kuma fitar da zakkarsa muna jin mun yi ibada. Babu wanda ya ce mini komai. Da sun yi magana ma da ya fi mini sauƙi.

Akwai masu cewa maganin duk wannan shi ne takardar gwamnati. Ina goyon bayan takarda, amma a san iyakarta ita ma. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, abin da mutum yake samu izinin zama da amfani ne, na birni daga gwamna, na karkara daga ƙaramar hukuma. Tun kafin ta ma, Dokar 1962 ta Jihar Arewa da sanarwar Turawa ta 1910 sun bi wannan layi. A Jamhuriyar Nijar kuwa dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa da ke rubuta ciniki da aro da jingina tun daga matakin gari, abin da ya kamata mu yi koyi da shi. Sai dai satifiket ba sabulu ba ne. Kotunan Nijeriya da kansu sun sha bayyana cewa takardar shaidar mallaka ba ta gyara asalin da ya lalace. Wanda ya riga 'yan'uwansa zuwa ofis ya fito da takarda da sunansa shi kaɗai a kan gadon da ba a raba ba, bai ƙara komai ba sai shaidar rubutu a kan cin amanarsa. Ita kuma hanyar kotu, duk wanda ya bi ta zai ba ka labari. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga al'amura irin su aure da gado da wasiyya da kyauta da waƙafi, don haka sau da yawa iyali sukan shafe shekaru suna hawa daga kotu zuwa kotu, a ƙarshe a ce musu rigimar tasu ta mallakar fili ce ba ta gado ba, kotun da ta yanke ba ta da hurumi, a koma farko. Kafin nan an sayar da rabin gonar an biya lauya, yaran gidajen biyu kuma sun daina gaisawa.

Abin da nake kira gare shi ya fi wannan sauƙi, ya kuma fi shi ɗaci. A raba gado da wuri. Wannan magana ta "kada a raba gandu, kan gida zai rabu" ita ce take raba kan gida daga baya, domin magaji yana mutuwa kafin rabo, rabonsa ya koma kan nasa magadan, abin da malamai suke kira munasakha, har gonar mutum uku ta zama ta mutum arba'in waɗanda rabinsu ba su san juna ba. Idan ana son a ci gaba da noma tare, babu laifi, amma kowa ya san nasa tukuna, mace ta ji da kunnenta an ce daga nan zuwa nan naki ne, sannan in ta ga dama ta ba da aro ko ta yi kyauta da abin da ta riga ta mallaka. Kyautar da aka karɓa kafin mai ita ya san girman abin da yake bayarwa, a gaban taron maza suna kallonta, ni dai ban natsu da ita ba. Aro kuma a rubuta shi da sunansa aro, ko tsakanin wa da ƙane ne. Mutanenmu suna jin rubutu kamar zargi ne, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ga sahabbai ta fara sauka, waɗanda suka fi mu amana nesa ba kusa ba.

Mu dai mun kira safiyo ya auna, aka kafa turakun siminti a kusurwoyi, aka mayar wa baffa kunyoyinsa uku, sannan kowane ɓangare ya fitar da abin da ya hau kansa aka haɗa wa gwaggo kasonta ta gefen da ke kallon kwalta, domin dagaci ya ce ba za a tura ta can ƙurya ba bayan shekara hamsin. Aka rubuta, shaidu suka sa hannu, kowane gida ya riƙe kwafi.

Ni na kai mata takardar ta dangwala. Da yake sunan mahaifinta aka sa mini, ba ta kiran sunana. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, saura amfanin gonar na shekarun da suka wuce, da wanda Baba ya ci da wanda muka ci. Ki faɗi abin da za mu biya." Ta daɗe tana kallon tabarma, sannan ta ce, "Babana, wanda yayana ya ci na yafe masa tun yana da rai, ban dai gaya masa ba ne. Naku ma na yafe." Na ce to me ya hana ki magana tuntuni? Ta ce, "Wa ya tambaye ni?"

Baffa ya karɓi kunyoyinsa, amma har yau gaisuwata kawai yake amsawa, ba ya ƙarawa. Taubashina kuwa ya zo sunan ɗiyata da aka yi bayan nan, ya ci tuwo, ya tsokane ni da kuɗin shara kamar da, sai dai bai shiga zauren da na ɗaga masa murya ba. A waje ya shimfiɗa buzunsa.